Masu tara katin UNESCO, gine-ginen Le Corbusier kati ɗaya ne ko 17?

Zainab_Kati:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ni abin da nake tarawa katunan wasiƙa ne masu hoton gine-ginen zamani na ƙarni na 20 waɗanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, irin su makarantar zane ta Bauhaus a Jamus da birnin Brasiliya da gidan opera na Sidni. To na zo kan Le Corbusier, shahararren mai zanen gine-ginen nan, na tsaya cak. A jerin UNESCO suna ɗaya ne aka shigar a 2016, amma a cikinsa akwai wurare 17 a ƙasashe 7, Faransa, Suwizalan, Beljiyam, Jamus, Ajantina, Japan da Indiya. Ina da katin Villa Savoye da na cocin Ronchamp, duk biyun na Faransa. Shin in sa alama a takardata in ce na gama da shi, ko kuwa sai na haɗa 17 ɗin nan kaf? Sai ta biyu, katin da aka turo min cikin ambulan, ba rubutu ba kan sarki a bayansa, kuna sa shi a lissafi?

Malam_Habu62:
Wa alaikumus salam Zainab. Ni a wajena ba ki gama ba. Dalilin da ya sa aka haɗa su wuri ɗaya shi ne a nuna yadda tunanin mutum ɗaya ya bazu daga Turai har Asiya da Kudancin Amurka, to in kika riƙe na Faransa guda biyu kawai ai labarin bai fito ba. Lissafin ma ga shi, Faransa 10, Suwizalan 2, sauran ƙasashe biyar ɗin ɗaya-ɗaya. Aƙalla dai ki samu ɗaya daga kowace ƙasa, kati 7 ke nan, sannan ki ce kin kama hanya. Maganar ambulan kuma ni ba na sa shi a albam ɗin gaske. Kati sai ya yi tafiya da ƙafarsa, da kan sarkin ƙasar da hatimin gidan waya da rubutun hannun wanda ya turo, ko da ya iso da ɗan lanƙwasa a gefe.

UmmuHanan:
Malam Habu Allah ya ƙara girma, amma nan kam ban bi ka ba. Ni ginin nake so, ba tafiyar katin ba. Injin tantance wasiƙu yana goge fuskar kati, wani lokacin ya ja masa baƙin layi, kuma irin hotunan nan na farin bango da gilashi ƙaramin tabo ma sai ya ɓata su. Shi ya sa kullum nake roƙon a sa min cikin ambulan. Zainab ki sa abinki a lissafi wlh, naki ne.

Nura_K:
Ku yi haƙuri da ni, ba da raini nake tambaya ba. Na fahimci dalan Masar da Taj Mahal da babbar ganuwar Sin. Amma akwatin kankare da aka zuba jiya-jiya, me ya kai shi jerin tarihin duniya? Wasu ma in ba a gaya maka ba za ka wuce su ka ɗauka ofis ne kawai.

Aisha_Zane:
@Nura_K abin da ka faɗa na ƙarshe shi ne amsar ai. Ka ɗauke shi ofis ne kawai saboda yanzu duk duniya haka ake gina ofis, amma akwai ranar da wani ya fara. Ɗauki masana'antar Fagus da ke Alfeld a Jamus, Walter Gropius da Adolf Meyer suka zana, an fara ginin a 1911. Kafin nan kusurwar gini ita ce wurin da ake cika dutse da bulo don a nuna ƙarfi, su kuma suka zo suka sa gilashi ya zagaye kusurwar ba ginshiƙi a wurin. Yau ba wanda zai waiwaya saboda haka, amma a lokacin abin mamaki ne. Kuma abin da ke burge ni har yanzu masana'antar na aiki, suna yin ƙafar katako da ta roba irin wadda ake ɗinka takalmi a kai. UNESCO ta sa ta a 2011, shekara 100 cif. Ba tsufa kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko abin ya canza yadda mutane ke yin gini.

Nura_K:
To na ji ta Fagus. Amma Sidni fa? An buɗe 1973, an sa shi 2007, shekara 34 kacal.

Aisha_Zane:
Brasiliya ma ta fi shi sauri, an ƙaddamar da birnin 1960, ya shiga jerin 1987, shekara 27. Oscar Niemeyer da Lúcio Costa da suka zana birnin duk suna raye a lokacin. Shi ma Jørn Utzon da ya zana na Sidni yana raye aka sa nasa, ya rasu 2008, sai dai tun da ya bar aikin a 1966 bayan saɓani da gwamnatin jihar bai sake komawa Ostareliya ba, bai taɓa ganin ginin a gama da idonsa ba. Duk sanda na ɗauko katin nan sai abin ya taɓa min zuciya.

Injiniya_Sadi:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Nura, in kana son ka ga dalili da idonka nemi katin Fiat Tagliero na Asmara a Iritiriya. Gidan mai ne fa, gidan mai kawai, injiniya Giuseppe Pettazzi ya yi shi a 1938 da siffar jirgin sama, fukafukai biyu na kankare kowanne ya miƙe mita 15 ba ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake zuba dekin ya san ranar cire katakon tallafi ita ce ranar da ake gane gaskiyar lissafi. Ana ba da labarin wai sai da ya zare bindiga kafin ma'aikata suka yarda suka cire katakon, wannan dai labari ne da ake yawan faɗa, amma abin da ba labari ba shi ne fukafukan nan suna nan tsaye fiye da shekara 80, sun ga yaƙe-yaƙe ba su faɗi ba. Amma kuma ba zan ɓoye ba, ba duka suka yi wannan dacen ba. Fallingwater na Frank Lloyd Wright a Amurka, gidan nan da ke kan gangaren ruwa a Pennsylvania, barandarsa ta yi ta sunkuyawa a hankali tun daga farko saboda rodin da aka sa bai isa ba, sai a 2002 aka shiga da igiyoyin ƙarfe aka ɗaure ta daga ciki. Villa Savoye ɗin da Zainab ke da katinsa kuwa yoyo ya yi ta yi, matar gidan ta yi ta rubuta wa Le Corbusier wasiƙun ƙorafi ruwa na shigo musu ɗaki. Kati ba ya nuna maka wannan, kullum rana ce a kati.

Hajiya_Turai:
Injiniya ka tuna min. Katin da na fi ƙauna a duk albam ɗina tsoho ne na Brasiliya, na shekarun 1960, launinsa ya ɗan koma ruwan ɗorawa, gefensa mai haƙora-haƙora irin na da. Majalisar dokoki ce a jiki, dogayen benaye biyu a tsakiya, gefe guda kwano a kife wanda shi ne zauren dattawa, ɗaya gefen kwano a buɗe na wakilai. Amma abin da nake zama ina kallo ba ginin ba ne. Ƙasar wurin ja ce jawur ba ciyawa, itatuwan da aka dasa ko kafaɗar mutum ba su kai ba, ga ƙananan motoci Volkswagen guda uku a kan titi mai faɗin gaske ba kowa a kai, can gefe kuma wani mutum shi kaɗai yana tafe da ƙafa. A baya wata mata ce ta rubuta wa 'yar'uwarta da shuɗin biro, harshen Fotugal ne, kan sarkin ya ɗan karkace. Ina da sabon katin wurin, ciyawa shar, sama shuɗi, ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma tsohon ne ke nuna min cewa mutane ne suka je tsakiyar daji suka tayar da babban birni cikin ƙasa da shekara 4 a zamanin shugaba Juscelino Kubitschek. Don haka ni ina bayan Malam Habu, rubutun baya rabin katin ne.

UmmuHanan:
Hajiya wannan kam ko ni da na samu ba zan bayar ba. Amma ai tsoho daban, ni sababbi nake nufi.

Bashir_sabo:
Salam, ni sabo ne a nan. Don Allah ta ina kuke samun katunan nan? Sai mutum ya je ƙasashen?

Malam_Habu62:
A'a Bashir, da sai an je da ba mu tara komai ba. Yawancinmu ta shafin intanet na Postcrossing muka fara, wani ɗan Fotugal Paulo Magalhães ya kafa shi a 2005. Za ka yi rajista, su ba ka adireshin wani mutum a wata ƙasa tare da lamba, ka rubuta lambar a kati ka tura, in ya isa ya shigar da ita, sai a ba wani adireshinka shi ma ya turo maka. Da kati 5 ake farawa a lokaci guda, yana ƙaruwa in ka daɗe. Amma fa ba ka da ikon zaɓar abin da zai zo, za ka iya rubuta kana son UNESCO a turo maka hoton mage. Waɗanda ke nema da gaske musaya suke yi kai tsaye, ni in ba ka wanda kake nema kai ka ba ni nawa. Tsofaffi kuma sai wajen dillalan kayan da da kasuwannin intanet. Sannu ba ta hana zuwa, kada ka ce za ka haɗa komai a shekara ɗaya.

Bashir_sabo:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri.

Kabiru_M:
Ni akwai abin da ya daɗe yana damuna game da Asmara tun da Injiniya ya ambace ta. An sa ta 2017 da sunan birnin zamani na Afirka. Amma wa ya zana? Italiyawa 'yan mulkin mallaka, yawanci a zamanin Mussolini, kuma an tsara birnin ne da wariya, tsakiyar gari na Turawa, 'yan ƙasa a tura su unguwannin gefe. Sinima Impero ɗin nan ta 1937 da ke kan kowane kati, sunan ma daular Italiya yake nufi. To in na sa katin a albam ina yabon wa ke nan? Haka Brasiliya, leburorin da suka gina ta da hannunsu yawancinsu ba su samu wurin zama a cikin tsarin ba, garuruwan gefe suka ƙare.

Aisha_Zane:
Yaya Kabiru maganarka gaskiya ce kuma bai kamata a share ta ba. Abin da zan ƙara kawai, 'yan Iritiriya ne da kansu suka shirya takardun suka nemi a sa birnin, ba Italiya ba. Kakanninsu ne suka ɗauki siminti suka zuba kankaren, su ne suka zauna a ciki bayan Italiyawa sun tafi, su suka hana a rushe. Ni a ganina wanda ya gina da guminsa kuma ya riƙe shekara da shekaru yana da haƙƙin ya ce nawa ne. Abin da nake yi a albam ɗina, ƙarƙashin kowane kati ina sa 'yar takarda in rubuta wanda ya zana da shekarar da kuma irin wannan bayanin da ka kawo, don duk wanda ya buɗe ya ga duka biyun.

Kabiru_M:
Dabarar takardar ta yi. Amma har yanzu ban gamsu gaba ɗaya ba, ki duba jerin ki ga nawa ne na Turai nawa ne na sauran duniya, kuma a cikin na sauran duniyar nawa ne ɗan ƙasa ya zana.

Aisha_Zane:
Turai ta yi rinjaye, ba musu. Amma Latin Amurka nasu ne suka yi, Niemeyer da Costa 'yan Birazil ne, Carlos Raúl Villanueva ya yi jami'ar Karakas a Benezuwela wadda aka sa 2000, gidan Luis Barragán a birnin Meziko 2004, harabar jami'ar ƙasa ta Meziko wato UNAM 2007 da laburaren nan da Juan O'Gorman ya lulluɓe da ƙananan duwatsu masu launi, sai cocin Atlántida a Yurugwai na injiniya Eladio Dieste 2021, shi ma ba kankare ya nuna ba, jan bulo ne ya lanƙwasa shi bango na tafiya kamar igiyar ruwa. Afirka da Asiya ne gaskiya aka bari a baya.

Zainab_Kati:
Wlh na ƙaru sosai, amma kun tafi kun bar ni da tambayata. 17 ko ɗaya?

Sulaiman_Albam:
Zainab ni na bi hanyar 17 ɗin, bari in gaya miki abin da ke gabanki. Masu sauƙi su ne waɗanda baƙi ke shiga kuma akwai shagon sayar da kati a ciki, Villa Savoye, Ronchamp, benen Unité d'Habitation na Marseille mai gidaje 337, gidan kayan tarihin fasahar Yamma da ke Tokyo, gidajen Weissenhof a Stuttgart, da gidan 'yan ɗariƙar Katolika na La Tourette. Tokyo ma ya fi kowanne sauƙi don Japanawa akwai son kati, kuma bugunsu tsaf. Masu wahala su ne waɗanda har yanzu mutane ke zaune ko suke aiki a ciki. Maison Guiette da ke Antwerp gidan mutane ne, ba a shiga, to wa zai buga katinsa? Masana'antar Duval a Saint-Dié har yanzu ɗinkin kaya ake yi a ciki. Waɗannan biyun su suka tsaya min. Akwai kuma Cabanon, ɗan ɗakin katako a bakin teku a Roquebrune-Cap-Martin, mita 3.66 tsawo mita 3.66 faɗi, nan mutumin da ya zana birni guda yake zuwa hutu, kuma a tekun da ke gabansa ya rasu a 1965 yana iyo. Shawarata ki yi layi biyu a takardarki, ɗaya na sunan da ke jerin UNESCO ki sa alama yau ma, ɗaya kuma na wuraren ɗaya bayan ɗaya ki bar shi a buɗe.

dan_Yaya07:
Ni ina da na Indiya ai, katin Chandigarh, lambun nan da aka yi da fasassun tangaran da awarwaro mutum-mutumi cike. In kina so mu yi musaya.

Sulaiman_Albam:
Ɗan'uwa wannan lambun Nek Chand ne, a Chandigarh yake amma ba ya cikin jerin. Ba birnin gaba ɗaya aka sa ba, harabar gwamnati ce kawai, wato majalisa da sakatariya da babbar kotu da wannan buɗaɗɗen hannun na ƙarfe mai tsawon mita 26 da iska ke juyawa. An gina birnin ne bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da Lahore ta faɗa Pakistan, Punjab ta Indiya ta rasa babban birni, firaminista Nehru ya tsaya a yi sabo. Katinka mai kyau ne ka riƙe abinka, amma a wani shafin zai zauna. Wannan tarkon yana kama mutane da yawa, haka Frank Lloyd Wright, gine-gine 8 kawai aka sa a 2019 cikin ɗaruruwan da ya yi, haka Berlin unguwanni 6 ne a 2008, ba kowane benen da Bruno Taut ya zana ba.

dan_Yaya07:
Toh madalla, na gode da bayani. Tayin musaya dai na nan ga mai so.

Maryam.Foto:
Tambaya, in katin babu shi a duniya kamar na Guiette ɗin nan, me zai hana mutum ya samu hoto mai kyau ya kai a buga masa a kan takarda mai kauri santimita 10 da 15, ya tura wa wani a Beljiyam ya manna kan sarki ya turo masa? Ai ya zama kati.

Malam_Habu62:
A'a 'yata, wannan hoto ne ba kati ba. Daɗin abin ai neman ne. In kowa zai buga nasa to a yini ɗaya sai ka gama jerin UNESCO kaf, me ya rage? Kati na gaske akwai sunan kamfanin da ya buga a baya, da sunan mai hoto, wani lokacin da lamba, da su ake gane zamaninsa.

UmmuHanan:
Nan kam ni da Malam bakinmu ɗaya. Kuma akwai maganar haƙƙin mallaka, hoton na wani ne, zanen ginin ma akwai gidauniyar Le Corbusier da ke riƙe da haƙƙinsa, shi ya sa za ki ga sunansu da ƙananan baƙaƙe a bayan katunan da aka buga bisa ƙa'ida.

Maryam.Foto:
Na ji, amma in ni na je na ɗauka da kyamarata fa, don albam ɗina kawai ba sayarwa ba? Ni dai zan sa, in rubuta a ƙasa cewa nawa ne, in na samu na gaske in cire. Gurbi a buɗe yana damuna.

Injiniya_Sadi:
Kowa da kiwon da ya karɓe shi Maryam. Ni abin da na fi nema yanzu kati biyu na gini ɗaya a zamani daban-daban. Ginin Bauhaus na Dessau misali, an gama shi 1926, bam ya same shi a 1945 bangon gilashin nan ya tafi, aka toshe wurin da bulo da ƙananan tagogi, sai 1976 Jamus ta Gabas ta mayar da gilashin. To katin da aka buga tsakanin nan wani gini daban za ka gani. Haka Villa Savoye, sojojin Jamus sun zauna a ciki lokacin yaƙin duniya na biyu, na Amurka suka biyo baya, ya lalace har aka yi niyyar rushe shi a gina makaranta, sai da aka yi ta kiraye-kiraye daga ƙasashe kafin Faransa ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta kare a 1965. Farin da kuke gani a kati yau gyara ne.

Aisha_Zane:
Tun da an zo Bauhaus, su kansu sun yi kati fa. Baje kolinsu na 1923 a Weimar sun buga katuna 20, malamai da ɗalibai suka zana, har da Paul Klee da Kandinsky da Feininger, aka rarraba don talla. Na asalin yanzu sai gidajen kayan tarihi da manyan masu kuɗi, amma ana sake bugawa. Shi ma Le Corbusier mai tara kati ne, ya bar fiye da 2,000.

Hajiya_Turai:
Allah sarki, ashe ɗan ƙungiyarmu ne. Zainab ki kula da ajiya tun yanzu tun ba su yi yawa ba. Kada ki sa su a ledar albam irin mai laushin nan mai wari ta PVC, da daɗewa tana manne wa fuskar kati ta ɗebe launin, ki nemi wadda aka rubuta ba asid. Ban da salatif, ban da gam, ban da roba a ɗaure su. Kada ki jingina su inda rana ke bugawa, ja da ruwan ɗorawa su ke fara tashi, gidan Barragán kuwa in launin bangon nan ruwan hoda ya kode ai ba abin da ya rage. Danshi kuma shi ne babban abokin gaba, yana kawo ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa.

Nura_K:
Na koma na duba hotunan wasu da kuka lissafa. Na Asmara da cocin bulon nan na Yurugwai sun shiga raina gaskiya, da gidan Tugendhat na Brno da na gani tagoginsa manya suna nutsewa cikin ƙasa da lantarki tun 1930. Amma garin Le Havre na Faransa kam har yanzu ban ga abin gani ba, benaye ne masu ruwan toka a jere.

Sulaiman_Albam:
Nura sai ka haɗa shi da hoton garin na 1944 bayan ruwan bama-bamai, tsakiyar gari ta zama fili, dubban mutane ba wurin kwana. Auguste Perret da mutanensa suka sake tayar da shi daga 1945 zuwa 1964, da ma'auni ɗaya na mita 6.24 tsakanin ginshiƙai don a yi sauri a kuma rage kashe kuɗi. Ka nemi katin cikin cocin Saint-Joseph, wanda aka ɗauka daga ƙasa ana kallon sama cikin hasumiyar mai mita 107, dubban ƙananan gilasai masu launi rana na ratsowa. Yawancin masu turowa na waje suke turowa shi ya sa mutane ke raina wurin.

Nura_K:
Zan nema in gani. Ban yi alkawarin canza ra'ayi ba dai.

Malam_Habu62:
Zainab, na ga shawarar Sulaiman ta layi biyu, ba laifi, amma ni dai ba zan sa alama a layin farko da kati biyu na ƙasa ɗaya ba. Bakwai tukuna.

UmmuHanan:
Ni kuma da ɗaya ma na sa tawa tuntuni, in ba haka ba Bauhaus ma sai ki nemo Weimar da Dessau da Bernau da aka ƙara 2017, Wright 8, Berlin 6, yaushe za a gama?

Zainab_Kati:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na ja layi biyun, amma biro na hannuna ban sa alamar ba tukuna, ina tsakanin Malam da Ummu. Yaya Sulaiman in kana da na Tokyo guda biyu ina da rarar Van Nelle ta Rotterdam, masana'antar shayi da kofi da taba ɗin nan, ba a rubuta komai a bayansa ba.

Sulaiman_Albam:
Ina da shi, amma Van Nelle ina da ita. In kina da gidan Rietveld Schröder na Utrecht wanda aka ɗauka daga ciki, benen sama da bangayen nan da ake turawa a buɗe, shi nake nema, na waje ya yi yawa a hannuna.

Kabiru_M:
Wai akwai wanda ya samu na Kaunas ta Lituweniya tun da aka sa ta 2023? Duk wanda aka turo min tsohon gari ne da ganuwa, ba gine-ginen tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ba. Tsohon babban gidan wayarsu nake so, in da hali da hatimin garin.